Jikin Ne Bai Sani Ba

Jama'a masu sauraro, na gida da na kasuwa, da direban da ya kamo mu a mota, da uwargidan da ta rataye rediyonta a ƙusa tana tankaɗe, duk ina gaishe ku.

Yau daga Sheme zan ɗauko zancen. Wanda ya saba bin hanyar Funtua zuwa Gusau ya san garin. In ka wuce Mairuwa, kafin ka kai 'Yankara, nan hanyar Ƙanƙara ta ɓalle. Wata rana da hantsi ina zaune a teburin mai shayi a bakin titin nan, kusa da ni akwai wani dattijo, gemunsa ya yi furfura, yana tsoma burodi a kofi. Sai wani yaro ya tayar da babur, salansa ta buga, tau! Kafin ƙiftawar ido dattijon nan yana ƙarƙashin benci, kofi ya kife, shayi ya jiƙa masa riga. Da aka gane babur ne sai 'yan samari suka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya fito, ya karkaɗe jikinsa, ya koma ya zauna. Mai shayi ya sake haɗa masa wani, amma hannun ya ƙi riƙe kofin, sai kyarma yake yi kamar mazari. Na ce, "Baba, sannu, babur ne." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ai ni na san babur ne. Jikin ne bai sani ba."

Na daɗe ina karanta abin da likitoci suka rubuta a kan firgici, ban ga wanda ya faɗe shi a taƙaice kamar tsohon nan ba.

Kada mu yi mamakin jikin. Mu tuna abin da ya ji a 'yan shekarun nan. Ya ji labarin Kadisau a watan Yunin 2020, inda ɓarayin daji suka shiga gari suka kashe mutane gommai. Ya ji daren Juma'a 11 ga Disamba na shekarar, da aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa da su daji a ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan aka datse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mutum ya yi watanni bai san ko ɗan'uwansa na ƙauyen gaba ya kwana da rai ba. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga labarai. Waɗanda ba su shiga ba sun ninka su: daren da aka kwana a cikin masara ana toshe bakin jariri, gonar da aka bari saura, shanun huɗa da aka sayar aka haɗa kuɗin fansa, da ƙarar babura daga nesa da ake saurare a ƙirga, guda nawa ne, ina suka nufa.

Daga baya gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari. Ana ta muhawara a kan sulhun, ba kuma ita ce muhawarar yau ba. Abin da nake so mu duba shi ne, ko a garin da aka yi wata shida ba a ji harbi ba, akwai mutanen da har yanzu ba su yi barci ba.

Ba za ka ji ɗayansu ya ce maka yana da ciwon firgici ba. Bahaushe ba haka yake faɗa ba. Je ka zauna a bencin asibitin sha-ka-tafi, ko a gaban kemis da magariba, ka kasa kunne. Wannan ta ce gabanta ke faɗuwa. Wancan ya ce tsakar kansa ke zafi kamar an ɗora garwashi. Wata ta ce wani abu ke mata yawo a jiki, daga ƙafa ya hau baya. Wani ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an aza dutse, wani ya ce jikinsa ya mutu, ba ƙwari, ya kasa ɗaga fartanya. Sai mai kemis ya ce maleriya ce da taifod, ya haɗo magani. Aka sha, ba a ji sauƙi ba, sai a ce olsa ce. Daga nan a ƙara ruwa leda biyu. In abin ya ƙi, sai a koma gida a ce ba na asibiti ba ne, iska ce ko sammu. Kuɗin da da ma babu sun tafi, mai ciwo yana nan yadda yake.

A nan sai na yi hattara. Maleriya gaskiya ce, tana kisa, hawan jini ma haka. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ya je a auna shi, kada ya ce ya ji a rediyo an ce tunani ne. Magana nake a kan wanda aka auna, aka sake aunawa, aka ce ba a ga komai ba, alhali shi ya san akwai komai.

To me ke faruwa a cikin jikin? A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, bai fi ƙwayar gyaɗa girma da yawa ba, likitoci na kiransa amigdala. Ni mai gadi nake kiransa. Aikinsa ke nan dare da rana, ya saurara, ya shinshina, da ya ji alamar haɗari ya kwarmata ihu. Ba ya jiran izinin hankali, domin in ya tsaya shawara an riga an cim maka. Da ya yi ihu sai jiki ya zubo sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, jini ya bar ciki ya tafi cinyoyi da damatsa don a gudu ko a kare kai. Shi ya sa baki ke bushewa, ciki ya murɗa. Wannan rahama ce, ita ta fitar da mutane da yawa daga gari da rai. Matsalar tana zuwa ne idan mai gadin ya sha wuya har ya daina bambance ɓarawo da akuya. Ƙofa ta buga, ihu. Waya ta yi ƙara da tsakar dare, ihu. Warin fetur, ko wani ya yi magana da irin muryar wanda ya kawo harin, ihu. Jiki ya wuni ya kwana a ɗame kamar tsirkiyar baka, tsoka ta gaji, abinci ya ƙi narkewa, barci ya gudu. Kakanninmu sun ga wannan tun kafin a leƙa cikin ƙwaƙwalwa, da suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai abu na uku da jiki kan yi, bayan gudu da faɗa, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe, saboda magidanta. Wani lokaci jiki sandarewa yake yi. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa, murya ta maƙale, mutum yana gani yana ji amma kamar an ɗaure shi. Akwai mazan da suka ɓuya a bayan rumbu suna jin ana fitar da iyalinsu, suka kasa motsi. Har yau ba su gaya wa kowa ba. Kullum da dare suna yi wa kansu shari'a, suna yanke wa kansu hukuncin ragwanta. Wani ya daina zuwa majalisa, wani ya koma faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin duk sanda ya dube ta sai ya tuna daren. Ɗan'uwa, in kana ji na, sandarewar nan ba kai ka zaɓe ta ba. Haka Allah ya gina jikin ɗan Adam da na dabba, idan ya ga gudu ba zai yi ba, faɗa ba zai yi ba, sai ya yi lamɓo. Sojojin da aka horar shekara da shekaru ma tana kama su. Kuma sau da yawa ita ce dalilin da ya sa 'ya'yanka ke da uba a yau. Haka ma 'yar'uwar da aka ci wa mutunci a daji take tuhumar kanta don me ba ta yi kokawa ba. Amsar ɗaya ce.

Likitocin Amurka ba su sa wa wannan ciwo suna a kundinsu ba sai a 1980, bayan da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka cika musu asibitoci, suka kira shi PTSD. An daɗe ana ganin maganinsa magana ce kawai, a zauna a yi ta bayani. Sai wasu suka lura cewa mutum kan fahimci komai da hankalinsa amma hannunsa bai daina kyarma ba. Daga nan aka fara neman hanyar shiga ta ƙofar jiki. Wani likita, Bessel van der Kolk, ya fitar da littafi a 2014 wanda ma'anar sunansa ita ce jiki ne ke riƙe da lissafi, ya karaɗe duniya. Da na ji sunan sai na yi murmushi, na ce mu da muka tashi da jin "jiki magayi" da "jiki ya fi kunne ji". Kafin shi, a 1979, Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Masachusets, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani yadda za su tattaro hankalinsu wuri ɗaya, su lura da numfashinsu da abin da gaɓoɓinsu ke ji a daidai wannan lokaci, ba tare da sun bi tunani ya ja su jiya ko gobe ba.

Na san tambayar da ke bakin malam yanzu, kuma tambaya ce mai kyau: wannan ba addinin wasu ba ne? Ba zan ɓoye ba, Kabat-Zinn daga mabiya addinin Buda ya koyo nasa, ya cire ibadar ya bar motsa hankalin. Amma numfashi ba na Buda ba ne, kuma ba sai mun yi aro ba. Yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san cewa a cikin farillan salla akwai natsuwa da daidaito. Mece ce natsuwa in ba gaɓoɓi su tsaya cik, kowace ta zauna a mazauninta, kafin a wuce zuwa rukuni na gaba ba? Sau biyar a rana aka umarce mu da mu wanke fuska da hannu da ruwa, mu tsaya, mu sunkuya, mu kai goshi ƙasa, mu halarto da zuciya. Ya zo a hadisi cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta. Ba a ce ya yi wa kansa wa'azi ba, an ce ya sauya yadda jikinsa yake. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, idan an yi rasuwa takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba masu makoki, saboda yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Shekara fiye da dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai a haɗe, ya yi bayanin tsoro da firgita da fushi da baƙin ciki da waswasi. Cikin shawarwarinsa har da cewa mutum ya tanadi tunani mai kwantar da rai tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar tsautsayi.

Kada wani ya ce na ce salla motsa jiki ce. Salla ibada ce, don Allah ake yin ta. Abin da nake cewa shi ne wanda ya halicci jikin ya san abin da ke kwantar da shi. Kuma ga wani abu da liman ya kamata ya sani: mai firgici sau da yawa natsuwar ce ke gagararsa. Ya kabbara, sai hoton daren ya faɗo masa, ya rasa raka'a nawa ya yi. Wani ma masallacin ne yake tsoro, tun da aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025. In ya zo ya gaya maka, kada ka ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Ka ɗora masa kaya a kan kaya.

A al'adarmu ma ai ta jiki muke bi. Jariri in ya firgita ba a yi masa bayani, goya shi ake yi, a jijjiga, a ɗan bubbuga bayansa har numfashinsa ya daidaita da na uwar. Mai jego ana gasa mata jiki, a yi mata tausa, a dama mata kunu. Mata in sun haɗu a turmi ɗaya suna lugude, ko maza a gonar gayya suna ɗaga fartanya tare suna saukewa tare, ba aiki kaɗai ke tafiya ba, jiki ne ke jin yana cikin 'yan'uwansa. Rashin tsaro ya cinye yawancin waɗannan. Dandali ya mutu, hirar dare ta mutu, gayya ta yi wuya, biki sai a gaggauce kafin la'asar. An zubo mana ciwo, an kuma kwashe abin da muke jinya da shi.

Bari mu gwada wani abu tare, yanzu, a nan. Direba, kai banda kai, idonka a kan titi. Sauran jama'a, duk inda kuke, kada ku rufe ido. Ku dafa ƙasa da tafin ƙafa, ku ji taurinta, ko sanyin siminti ne ko laushin tabarma. Ku ɗan danna. Yanzu ku dubi abu uku da ke gabanku, ku ambaci sunansu a zuci, buta ce, ko ƙofa, ko itacen dalbejiya. Sai ku shaƙi iska ta hanci a hankali, ku bar ta ta sauka har ciki ya taso, ɗaya, biyu, uku. Ku sake ta ta baki, sannu, kamar mai hura koko mai zafi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ku sake. Wanda ya ga dama ya haɗa fitar numfashin da tasbihi ko istigfari. Ku lura da kafaɗunku, da yawanku sun ɗage su har kusa da kunne ba su sani ba. Ku sauke su.

Ba siddabaru ba ne. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta sauka zuciya da huhu da hanji, ita ce birkin jiki. Duk sanda ka fitar da numfashi zuciya kan ɗan rage gudu, in ka ja fitarwar ta yi tsawo sai birkin ya ƙara kamawa. Mai firgici kuwa akasin haka yake yi, yana haki sama-sama, har jiri ya ɗebe shi, yatsu su yi masa tsitsitsi, sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo, tsoron ya ƙaru. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba yi ba yana zaune lafiya, ba zai tuna ba ranar da gabansa ya faɗi. Minti biyar bayan asuba, minti biyar kafin kwanciya, kullum. Wanda kuma ya gwada ya ji abin na ƙara tayar masa da hankali, ya bari, akwai masu haka. Shi ya tashi ya yi tattaki, ko ya wanke fuska da ruwan sanyi, ko ya kama wani aikin hannu.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu tallar wannan abu a intanet, waɗanda ke magana kamar numfashi zai warware komai. Littattafan can an rubuta su ne don wanda bala'in ya wuce masa, ya koma gidansa, ƙofa a kulle, 'yan sanda a kusa. Mutumin Sheme ko na ƙauyukan Sabuwa da ke iyaka da dajin Birnin Gwari, mai gadinsa ba kullum yake ƙarya ba. Wani ihun na gaskiya ne. Ba wanda ke da ikon ce masa ya saki jiki, komai ya wuce. Numfashi ba ya dawo da shanu, ba ya biyan bashin fansa, ba ya tsare hanya. Babban maganin firgici shi ne mutum ya kwana goma a jere ba a tashe shi ba, ya noma gonarsa ya girbe ba tare da ya biya kowa haraji ba, kuma wannan aikin hukuma ne, kada ta laɓe a bayan shirin wayar da kai. Ɗan abin da waɗannan dabaru ke yi shi ne su ba mutum barcin sa'a huɗu maimakon ɗaya, su hana shi huce fushin daji a kan yaronsa, su bar masa hankalin da zai bambance salansa da bindiga. Ba kaɗan ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Ko a wajen masana, hanyoyin jiki zalla ba su da tarin hujjar bincike irin ta wasu. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, abin da ta sa a gaba ga mai ciwon da ya kafu shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki, cikin tsari, har tunawa da shi ta daina ƙona mutum. Motsa numfashi da sassauta jiki mataimaka ne. Jagorar ta kuma ja kunne a kan ƙwayoyin barci irin su baliyam ga wanda bala'i ya faɗa wa, domin suna danne abin ne, ba sa warkarwa, ga kama jiki. Mu kuwa a nan ana sayar da su kamar alewa, a haɗa da tiramol, yaro ɗan sa-kai ya watsa don ya iya kwana a bakin gari.

Sai laifinmu, mu 'yan jarida da 'yan dubiya. An sako mutum daga daji, ƙafa a kumbure, ko wanka bai yi ba, mun cusa masa makirfo. Ya ba da labari. Maƙwabta su zo, ya ba da labari. Dangi daga Funtua su zo, ya sake. Kowa na son ya ji yadda aka ɗaure shi da abin da aka ba shi ya ci. Duk maimaitawa jikinsa komawa dajin yake yi. Masana sun daina ba da shawarar a tilasta wa mutum amayar da labari da zafi-zafi. In ya so faɗa a saurara, in bai so ba a bar shi. Ni ma na yi wannan kuskure da rikoda a hannu, ba sau ɗaya ba.

To wa zai yi aikin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kusan dukkansu suna manyan birane. Daga Faskari in abu ya yi tsanani sai asibitin Katsina, ko na Shika, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano. Sunan Dawanau kuwa mun mayar da shi zagi, wa zai yarda a kai shi? A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta zamanin Turawa, da ba ta san komai ba sai tsarewa. Doka ce mai kyau, amma har yanzu ba ta sauka daga mota a Sheme ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an gwada a wurare irin namu ba tare da jiran likita ba. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki har da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, ya ajiye musu benci a harabar asibitoci, suna sauraron masu ciwon da a harshensu ake kira yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Binciken da aka buga a 2016 a kan mutum fiye da 500 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na zama biyar, mako-mako, wanda mutumin da ba likita ba zai iya koya ya gudanar, an gwada shi a Peshawar ta Pakistan, garin Musulmi da ya sha bama-bamai, kuma darasinsa na farko wannan numfashin ne da muka yi ɗazu. A Borno, gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa ɗora masu ba da shawara a keke-napep suna bin unguwanni, maimakon su zauna a ofis suna jira.

Muna da mutanen. Ungozoma tana shiga ɗakin da likita ba zai taɓa shiga ba. Malamar Islamiyya tana ganin matar da ta dawo daga daji ta koma zaman bayan aji, ta daina ɗaga kai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, matar da ta dawo da cikin da ba ta nema ba, ba za ta buɗe baki a gaban namiji ba, ko da kuwa farfesa ne. Ma'aikacin asibitin ƙauye, in an ba shi horon mako biyu, zai iya ƙara tambaya ɗaya bayan ya auna jini: "Baba, yaya barci?" Malamin firamare zai iya gane cewa yaron da ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara tara, ko wanda ba ya wasan komai sai na bindigar kara, ba bulala yake buƙata ba. Yaran Ƙanƙara 344 ɗin nan yanzu samari ne, wasu sun isa aure. An yi musu maraba a gidan gwamnati, an ɗauki hoto. Ina fata akwai wanda ke tambayar su barci.

Addu'a da tofi da ruƙiya ba sa faɗa da asibiti, a haɗa. Abin da ba a haɗawa da komai shi ne duka da mari da sarƙa. Kuma akwai inda numfashi da hira ba sa isa: wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba, ko ya daina ci, ko mai jegon da ta ƙi kallon jaririnta. Wannan a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga ɗakin.

Ga maƙwabci kuma, wanda ba likita ba, ba malami ba. Mun iya barka da arziki. Ranar da aka sako mutum gida cika yake yi, kwana uku ana shiga ana fita. Mako na uku ne ba kowa, kuma a lokacin ne abin ke sauko masa. To a lokacin za ka je. Kada ka shigo masa ta baya, yi sallama tun daga nesa ya ji muryarka. Ka bar masa wurin da bayansa zai jingina da bango yana ganin ƙofa, kada ka tambaye shi dalili. In ka ce masa ya yi haƙuri, to ka zauna bayan ka faɗa, kada ta zama sallama. In za ka gona ka ce ya raka ka, ko ba zai yi aikin komai ba. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, ku sha furarku.